Kayen Hutu da Wasan Kwaikwayo: Labarin Ƴan Lakkwal na Ponti

A birnin Dakar, cikin ɗakin ajiyar takardu na cibiyar bincike ta IFAN, akwai tarin kaye na ƴan lakkwal fiye da 700, dukansu rubutun hannu, da alƙalami da tawada. Masu rubutun samari ne ƴan shekara 20 ko kusa da haka, ɗaliban makarantar horon malamai ta William Ponty, wadda tsofaffin ma'aikata ke kira Ponti a taƙaice. A shekara ta 2015 hukumar UNESCO ta shigar da waɗannan kaye cikin jerin takardun tarihin duniya da ya wajaba a kiyaye. Asalinsu kuwa aikin hutu ne da malami ya ɗora wa yara domin ya ba su maki. To su wane ne waɗannan yara, daga waɗanne gidaje suka fito, kuma mene ne ya ja hankalinsu sa'ad da aka ce su rubuta?

Makarantar da masu cin alli

Turawan Faransa sun kafa makarantar a shekara ta 1903 a garin Saint-Louis na Senegal. A 1913 aka ɗauke ta zuwa tsibirin Gore, daura da Dakar, a 1915 kuma aka sa mata sunan gwamna janar William Ponty wanda ya rasu a wannan shekara. A 1938 ta sake ƙaura zuwa Sebikotan, kimanin kilomita 40 daga Dakar. Nufin masu mulki a fili yake: suna bukatar malaman lakkwal, da akawuna na ofis, da mataimakan likita, waɗanda za su riƙe musu aiki a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu, da albashi kaɗan. Karatun shekara 3 ne, kuma ba a shiga sai da jarrabawa mai tsanani wadda yaran dukan ƙasashen ke zama tare. An yi wa malaman da suka fita daga can laƙabi da masu cin alli.

Yaran ba daga gida iri ɗaya suka fito ba. Akwai ɗiyan sarakuna, da ɗiyan tafintoci da akawuna da tsofaffin sojoji, waɗanda iyayensu suka riga suka ga amfanin takarda. Akwai kuma ɗiyan talakawa, manoma da makiyaya, waɗanda tilas ce ta kai su lakkwal. Dattawa na sane da yadda abin yake a wancan zamani: kwamanda ya aiko a ba shi yara kaza, sarki ya ɓoye nasa, ya kama ɗan bara ko ɗan wanda ba shi da mai tsaya masa ya miƙa. Uwa ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa. Da yawa cikin waɗanda aka yi wa wannan kuka, su ne bayan shekara 30 suka zama ministoci.

Ƴan Senegal da Dahome da Sudan, wato Mali ta yanzu, suna da yawa a Ponti, domin lakkwal ta riga zama a ƙasashensu. Ƴan Nijar ba su da yawa, kuma hanyarsu ta fi ta kowa nisa. Bubu Hama, wanda aka haifa wajen 1906 a ƙauyen Foneko kusa da Tera, sai da ya bi ta lakkwal ta Tera, da ta Dori, da ta Wagadugu kafin ya ga teku a Gore. A 1929 ya komo gida, shi ne malami na farko ɗan Nijar da ya fita daga Ponti. Bayansa Diori Hamani ya bi, sa'an nan Jibo Bakari, su biyun haifaffun Sudure kusa da Yamai, da Mahamman Ɗan Dobi na Gesheme, da Abdu Mumuni wanda aka haifa a Tasawa a 1929. A ajujuwan makarantar nan ne kuma Félix Houphouët-Boigny, da Modibo Keïta, da Hubert Maga, da Mamadou Dia suka zauna.

Abu ɗaya ya haɗa waɗannan yara duka, kowane irin gida suka fito. Kafin su san harafin boko sun riga sun ƙoshi da tatsuniya a bakin kaka, sun ji kirari da waƙar maroƙa, sun yi wasan dandali da farin wata, waɗansunsu sun riƙe allo a makarantar malam. Da suka shiga lakkwal aka ce duk wannan a bar shi a ƙofa. Wanda ya yi kuskure ya furta kalma da harshen uwarsa sai a rataya masa sambol, ya yi ta neman wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Bernard Dadié na Kot Dibuwar ya ba da labarin wannan azaba a cikin littafinsa Climbié na 1956, kuma duk wanda ya zauna a bencin lakkwal a Maraɗi ko Tawa kafin a daina abin ba ya bukatar a fassara masa.

Aikin hutu

A shekara ta 1933, zamanin Albert Charton yana babban sufeton ilimi na Afirka ta Yamma, aka fito da wani sabon tsari. Turawa sun fara tsoron cewa yaran da suke horarwa suna nisa da jama'arsu ƙwarai, kuma malamin da bai san mutanensa ba ba zai yi musu amfani a ƙauye ba. Sai aka ce kowane ɗalibi, idan ya tafi gida hutun damina, ya bincika wani abu na al'adar garinsu, ya rubuta shi cikin kaye da Faransanci, ya kawo. Makin wannan aiki yana shiga cikin jarrabawar fita.

Abubuwan da suka yi rubutu a kai suna da yawa: abinci da yadda ake dafa shi, aure da sadaki, haihuwa da suna, jana'iza, maganin gargajiya, mafarki da fassararsa, makarantar allo, kasuwa, sana'o'in hannu, wasannin yara, tatsuniyoyi da karin magana. Waɗanda Allah ya ba hannu suka ƙawata kayensu da zane: surar rumbu da turmi, da kayan kiɗa, da fasalin gida, da taswirar gari, waɗansu har da launi. Babu wanda ya koya musu zane domin su zama masu zane. Bukatar su nuna wa malami abin da Faransanci ba shi da sunansa ita ta sa suka ɗauki fensir.

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna matsayin da aka sa yaron nan. A ɗauka ɗan Gobir ne ko ɗan Adar. Ya yi shekara biyu bai ga gida ba, ya komo da wando da takalmi, ya zauna gaban kakarsa da kaye a hannu yana tambayarta yadda ake wankan amarya, ko ya je wurin boka yana neman sunan saiwar da ake jiƙa wa mai shawara. Abin da ya sani tun yana goye, yanzu sai ya tambaya kamar baƙo. Dattijo kuma ba kowane asiri yake buɗe wa yaro ba, balle yaron da zai kai wa Bature. Sa'an nan in ya zauna rubutu, ya san mai duba aikin, ya san abin da mai duba aikin ke son ji. Shi ya sa a cikin kaye da yawa ake ganin ɗalibi yana faɗin danginsa kamar waɗansu mutane ne can dabam, yana kiran al'adar gidansu camfi, ya rufe da yabon wayewar da Faransa ta kawo. Amma a tsakiyar kayen, inda ya manta da malami, sai alƙalami ya saki jiki: ya kwatanta daren biki ko muryar mai tatsuniya da daɗin da ba ya ɓoyuwa, wani lokaci har ya kare al'adar da zai zarga a shafi na ƙarshe. Wanda ya iya karanta takardar ɗan makaranta ya san inda ake neman maki da inda ake faɗin gaskiya.

Kayen ba su tsaya a aji ba. Masu bincike na Turawa sun sha ɗiba a cikinsu. Charles Béart, malami kuma daga baya darektan makarantar, ya fitar da babban littafi mai juzu'i 2 a 1955 bisa wasanni da kayan wasa na Afirka ta Yamma, kuma abu mai yawa da ke ciki daga ɗalibansa ya fito. Littafi ne mai amfani har yau. Sunan da ke bisa bangonsa dai na malamin ne.

Daga kaye zuwa dandali

Wasan kwaikwayo ya tashi tare da aikin hutu, daga tushe ɗaya. A 1933 ɗaliban Dahome suka nuna wasa bisa ganawar ƙarshe tsakanin sarki Behanzin da wakilin Faransa Bayol. Béart, wanda ya riga ya ga yadda yara ke kwaikwayo da kansu a lakkwal ta Bingerville a Kot Dibuwar, ya iso Ponti a 1935 ya ba abin ƙarfi. Daga nan ya zama al'ada: kowace shekara ɗaliban kowace ƙasa su haɗu, su zaɓi labari daga gida, su rubuta shi tare, su ɗinka tufafi, su haɗa kayan kiɗa, su fito gaban manyan Dakar a bikin ƙarshen shekara. Gasa ce ta sosai, kowa na son ƙasarsa ta fi.

Abin da suka zaɓa yana nuna inda zuciyarsu take. Ƴan Gine sun ɗauko ganawar Samori da kyaftin Péroz a 1936. A wannan shekara Dadié, ɗan shekara 20, ya rubuta Assémien Déhylé bisa wani sarkin ƙasar Sanwi. Ƴan Dahome sun kawo Sokamé, labarin budurwar da za a miƙa wa maciji domin a samu ruwa. Bahaushe in ya ji wannan ba zai rasa tuna rijiyar Kusugu ta Daura ba. Sauran wasannin na ban dariya ne, bisa neman aure da rigimar masu takarar budurwa da wayon boka. Magana da Faransanci ake yi, amma waƙa da rawa da kiɗa da harshen gida suke, domin waɗannan ba su fassaruwa. A 1937 aka kai ƙungiyar ɗalibai Paris lokacin babban baje koli na duniya, suka yi wasa a gidan Champs-Élysées, aka tafa musu.

Tafin nan yana da farashi. Gwamna na zaune a sahun gaba, darekta ya riga ya karanta takardar wasan, saboda haka Behanzin da Samori ba su da damar fita da nasara, kuma aikin tilas da haraji da bulalar gardi, waɗanda iyayen yaran ke sha a daidai wannan lokaci, ba su hau dandali ba. Bakary Traoré, a littafin da ya fitar a 1958 bisa wasan kwaikwayon baƙar fata, ya soki wasan Ponti da cewa ya yi wa mulkin mallaka hidima. Sukar tana da gaskiya a ciki. Sai dai akwai abin da mai tace takarda ba ya iya gogewa. Yaron da aka koya wa a aji cewa Samori ɗan fashi ne, ga shi ya sa rawani ya tsaya tsaye yana magana da hafsan Faransa ido da ido, ƴan'uwansa na bayansa suna rera waƙar yabon sarki da Malinkanci, harshen da gwamna ba ya ji. Ƴan Afirka da ke cikin masu kallo sun ji abin da aka rera.

Ƴan mata ba su shiga Ponti. Tasu makarantar a Rufisk take, an buɗe ta a 1938 a hannun Germaine Le Goff. Can ne Mariama Bâ, marainiyar uwa wadda kakanninta suka rena a Dakar, ta shiga a 1943. Wani insha'i da ta rubuta a aji bisa unguwar da ta tashi ya fita a mujallar IFAN a 1947, har marubucin Faransa Emmanuel Mounier ya ɗauko shi a littafin tafiyarsa. Daga nan ba a sake jin alƙalaminta a littafi ba sai bayan shekara 32, bayan aure da renon ɗiya 9 da aikin koyarwa, sa'ad da ta fitar da Une si longue lettre a 1979. Littafin ya ci kyautar Noma a 1980, ita kuwa ta rasu a 1981. Wannan tazara ta shekara 32 ta ishi mai tambayar dalilin da ya sa sunayen mata suka yi ƙaranci cikin wannan labari.

Abin da suka yi da shi daga baya

Ba duk mai kaye ya zama marubuci ba. Mafi yawansu sun ƙare rayuwarsu a aji ko a ofis ko a asibitin ƙauye, kayen hutun nan shi ne littafinsu na farko, shi ne na ƙarshe. Siyasa ta cinye waɗansu. Amma waɗanda suka riƙe abin sun kai shi nesa. Dadié ya yi aiki a IFAN ta Dakar har 1947, ya komo gida ya shiga gwagwarmaya, aka ɗaure shi a 1949, ya rubuta waƙoƙi da tatsuniyoyi da wasanni, ya riƙe ma'aikatar al'adu daga 1977 zuwa 1986, ya rasu a 2019 yana da shekara 103. Fodéba Keïta na Sigiri, mai son kiɗa tun yana ɗalibi, ya kafa ƙungiyar rawa a Paris wadda ta zama Ballets Africains ta zagaya duniya. Ya zama minista a gwamnatin Sékou Touré, aka kama shi a 1969, bai fito da rai ba.

A Nijar, Bubu Hama ya bar Ponti kafin a soma aikin hutu, amma rayuwarsa duka kamar kayen hutu ce da ba ta ƙare ba. Yana shugaban majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974 bai daina bin tsofaffi da maroƙa da malamai yana tattara tarihin Songai da Zabarmawa da Gobir da Fulani ba. Littafinsa Kotia-Nima, labarin yaron da aka raba da ƙauye aka kai lakkwal, ya ci babbar kyautar adabin baƙar Afirka. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai sunansa yake ɗauke da shi. Diori Hamani kuwa, tun a 1938 aka kai shi Paris yana koyar da Hausa da Zabarmanci ga Turawan da ake shiryawa domin mulkin ƙasashen Afirka. Harshen da ake rataya wa yaro sambol saboda shi, ga shi ana biyan malami ya koyar da shi a babban birnin Faransa.

Wanda ya kawo wasan Ponti gida shi ne Mahamman Ɗan Dobi. Shi da abokansa ma'aikata suka riƙe ƙungiyar Amicale ta Yamai, kuma cikin shekarun 1950 ya rubuta wasan ban dariya bisa wata akuya, da kuma Kabrin Kabra, wanda ya ɗauko daga labarun ƙasar Arewa inda aka haife shi. Tsarin na Ponti ne sak: labari daga gida, magana da Faransanci, waƙa da harshen uwa. André Salifou na Damagaram, wanda bai zauna a Ponti ba, ya bi wannan hanya da wasansa bisa sarki Tanimun, wanda aka buga a 1973. Masu kallon irin wannan wasa ma'aikata ne da ƴan lakkwal. Tsohuwar da aka ɗauko labarin a bakinta, ko an ba ta kujera a sahun gaba, sai dai ta jira waƙa.

Wani ɗan Ponti ne ya fito ya faɗi wannan ciwo da sunansa. Abdu Mumuni, masanin kimiyyar hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafi bisa ilimi a Afirka a 1964, inda ya tone manufar lakkwal ta mulkin mallaka, ya ce yaro ya soma karatu da harshen da ya sha a nono. A 1973 aka buɗe lakkwal ta gwaji ta farko a Damagaram, inda ake soma koyarwa da Hausa. Cikin waɗannan shekaru ne kuma wasan kwaikwayo ya juya harshe. Ƙungiyoyin samariya, da bikin matasa na ƙasa da ke zagaya manyan garuruwa a zamanin Seyni Kountché, da gidan rediyo da talabijin, suka fito da wasanni da Hausa da Zabarmanci. Yazi Dogo, shi ma malamin lakkwal ne, shi da abokan wasansa na Damagaram suka sa manomi da ɗan kasuwa da matar gida suna dariya tare da ma'aikaci a lokaci guda, babu tafinta.

Ita Ponti an ɗauke ta daga Sebikotan zuwa Thiès a 1965, bayan kowace ƙasa ta buɗe nata makarantun horon malamai. Gine-ginen Sebikotan da yawa sun zama kango, har da dandalin da ake wasan. Kayen suna nan a IFAN, cikin jami'ar Cheikh Anta Diop, an jera su bisa ga abin da suke magana a kai da ƙasar da aka yi binciken, kowanne da sunan ɗalibin da ya rubuta shi. Na ƴan Nijar suna ciki. Jikan da ke son ya ga abin da kakansa ya rubuta bisa garinsu yana saurayi sai ya nemi kuɗin mota zuwa Dakar, ya kuma tafi da wanda ya iya Faransanci in shi bai iya ba.